Maigidana ya rasu, banki ya dakatar da asusunsa: kuɗin na wane ne?

"Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu wata biyu da suka wuce a nan Garwa. Ɗan kasuwa ne, yana da asusun ajiya a banki da sunansa shi kaɗai. Kati da littafin bankin suna hannuna, lambar sirrin ma na sani. Akwai kuɗina a ciki, sefa dubu 700, na saniyata da na sayar da ribar man gyaɗa da nake yi, na ba shi ya ajiye mini. Mu biyu ne matansa, 'ya'ya biyar, maza uku mata biyu, uku daga cikinsu ba su balaga ba. Mahaifiyarsa tana raye, mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ƙanensa ya ce in ba shi katin tunda shi ne babba a gidan yanzu. Da na aiki ɗana ya tambaya a banki, aka ce an dakatar da asusun. Marigayi ya sha ce mini kuɗin nan nawa ne ni da yarana. Yanzu kuɗin na wane ne, kuma yaya za a yi su fito?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari.

Tambayarki guda uku ce a dunƙule: me ya sa banki ya riƙe kuɗin, wa ke da haƙƙi a cikinsu, da kuma hanyar da za a bi su fito, har da naki dubu 700 ɗin. Na yi shekaru ina aiki a teburin da ke karɓar takardun iyalan mamata a wani banki a arewacin Kamaru, na kuma zauna gaban malamai na karanci ilimin rabon gado gwargwado. Daga waɗannan biyun zan ba ki amsa.

Abu na farko da nake so ya zauna miki shi ne, tun daga lokacin da ransa ya fita, kuɗin nan sun daina zama nasa. Ba su kuma koma naki ba, ba su koma na ƙanensa ba. Sun zama dukiyar magada gaba ɗaya, a haɗe, har sai an raba. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka sun haɗu a kan wannan. Wanda aka ba mabuɗin rumbu ajiya bai zama mai hatsi ba, haka katin da ke hannunki yake. Ko da marigayi ya taɓa rubuta miki takardar wakilci a banki, ta mutu tare da shi, domin sashe na 2003 na kundin dokar farar hula da ake aiki da shi a yankin masu Faransanci na Kamaru ya ce wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta. Haka nan sunan da mutum ke rubutawa a fom ranar buɗe asusu, na wanda za a nema idan wani abu ya faru, ba ya mai da mai sunan magaji. Lambar waya ce kawai banki ke ajiyewa.

Me ya sa banki ya rufe

Na san yadda abin ke da ciwo. Gida cike da yara, ga kuɗin makaranta, ga cefane, kuɗi na nan kwance an ce ba a taɓawa. Amma ki dubi abin ta wancan gefen tebur. Ma'aikacin banki bai san mata nawa marigayi ya bari ba, bai san 'ya'ya nawa ba, bai san wa ke binsa bashi ba. Idan ya miƙa wa wanda ya fara zuwa, gobe wata ta zo da hukuncin kotu, bankin zai sake biya daga aljihunsa. Shi ya sa da zarar labarin rasuwa ya isa gare su, sai su tsayar da kati da duk wani cire kuɗi, su bar ƙofar shigowa kawai a buɗe.

Ni a ganina wannan dakatarwar gata ce gare ki da marayun nan. A gidajen da na ga an yi asara, kusan kullum abin ya faru ne a 'yan kwanakin da ke tsakanin jana'iza da ranar da banki ya samu labari. Ana zaman makoki, wani ɗan'uwa mai kati a aljihu yana zagawa na'urar cire kuɗi safe da yamma. Kafin a yi sadakar arba'in asusu ya koma fanko, matan suna ɗaki suna takaba ba su san me ake ciki ba. Naku an riga an rufe, alhamdu lillahi.

Don haka kada ki ba ƙanen maigida katin, ke ma kada ki gwada amfani da shi. Duk abin da aka cira bayan ranar rasuwa yana fitowa a takardar lissafin asusu, da rana da awa da wurin da aka cira. Sashe na 792 na wannan kundin ya tanadi cewa magajin da ya ɓoye ko ya karkatar da wani abu daga dukiyar gado yana rasa rabonsa a cikin abin da ya ɓoye. Ta fuskar addini kuwa maganar ta fi haka nauyi, tunda akwai ƙananan yara uku, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Ki gaya masa da ladabi cewa katin ya daina aiki, kuma za ki miƙa shi ga banki. Girmansa a gida yana nan, a ba shi wurinsa a taron dangi. Amma a gado, matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya samun komai.

Kuɗinki da maganar da marigayi ya yi miki

A nan zan daɗe, domin a nan ne mata suka fi cutuwa.

Dubu 700 ɗinki ba gado ba ne. Ajiya ce kika ba shi, kuma ajiya da bashi ana fitar da su kafin a fara rabo. Tsarin a shari'a shi ne a fara da hidimar jana'iza, likkafani da abin da ya shafi binnewa, sannan basussuka, sannan wasiyya idan akwai, wadda ba za ta wuce sulusi ba, sai abin da ya rage a raba wa magada. Idan akwai ragowar sadakinki ko na abokiyar zamanki da bai cika ba, shi ma bashi ne, a nan yake shiga. Dokar ƙasa ma ta tsaya miki: sashe na 77 na dokar rajistar farar hula ta 29 ga Yuni 1981 ya ce magadan miji ba su da wani iko a kan matar da ya bari, ko 'yancinta, ko rabon dukiyar da yake nata.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. A idon banki duk abin da ke cikin asusu mai suna ɗaya na mai sunan ne. Banki ba zai ware miki komai ba da kansa, magada ne za su amince ko alƙali ya yanke. Saboda haka tun yanzu ki fara tattara abin da zai tsaya miki. Wa ya sayi saniyar, nawa aka sayar, wane dillali ne ya tsaya, a wane wata? Wa ke wurin lokacin da kika miƙa wa maigida kuɗin? Idan an zuba kuɗin a banki a kwanakin da aka sayar da saniyar, zai bayyana a lissafin asusun, kuma adadi da rana idan suka dace da maganar shaidu, ba kasafai dangi ke musu ba. Idan da hannunki ko hannun ɗanki aka zuba, rasit ɗin zubawa yana ɗauke da sunan wanda ya kawo kuɗin. Ki duba cikin takardunsa da littafin shagonsa. 'Yan kasuwa da yawa suna rubuta "ajiyar uwargida" a gefen shafi, da ajami ko da boko. Ki faɗi maganar a gaban taron dangi, a rubuta ta a takardar taron. Kunya tana hana mata da yawa buɗe baki a wannan ranar, su bari sai bayan an raba, a lokacin kuwa kowa ya riga ya kashe nasa. Idan ba za ki iya magana gaban surukai ba, yayanki ko kawunki ya faɗa a madadinki.

Maganar da ya yi cewa kuɗin naki ne da yaranki, a nan sai ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan ya rasu kuɗin suna nan a asusunsa da sunansa, kyautar ta faɗi, sun koma cikin gado. Idan kuma aka ɗauke ta a matsayin wasiyya, babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda, ƙananan yara kuwa ba a karɓar yardarsu a kan abin da zai rage musu rabo. Na yarda ya faɗa, kuma na yarda da niyyar alheri ya faɗa. Amma 'ya'yan ɗaya ɗakin nasa ne kamar naki, mahaifiyarsa ma Allah ya yanka mata rabonta.

Yadda lissafin zai kasance

Bari mu ɗauka akwai sefa miliyan 6 a asusun, don misali kawai. A cire naki dubu 700. A ce 'yan kasuwa suna binsa dubu 500, an tabbatar, an biya. Saura miliyan 4 da dubu 800. Tunda ya bar 'ya'ya, mata suna da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato dubu 600, ku raba biyu, kowace dubu 300. Mahaifiyarsa tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, wato dubu 800. Ragowar miliyan 3 da dubu 400 na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu: kowane ɗa dubu 850, kowace 'ya dubu 425. Ba a duba ɗakin da yaro ya fito, ba a raba wa ɗaki-ɗaki. Wannan yana cikin aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i. Asusun kuma ba shi kaɗai ake rabawa ba, ana haɗa shi da kayan shago da gida da gona da bashin da yake bin mutane.

Abubuwa biyu na iya canza lissafin. Idan ɗayarku tana da ciki, malaman Malikiyya suna dakatar da rabo har ta haihu. Sannan kuɗin ruwa da banki ya ɗora a kan ajiyar, malamai da yawa suna cewa a ware shi a ba mabuƙata, kada a cuɗa shi da gado. Ku nemi banki ya nuna muku adadinsa daban. Hidimar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa, kada a ɗebe ta daga dukiyar da marayu ke da rabo a ciki. Baligin da ya so ya yi daga nasa.

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma magaji ɗaya da aka manta yana rushe lissafi gaba ɗaya. Ku kai jerin sunayen ga malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado, ko alƙalin fadar Lamiɗo, ya yi muku a rubuce.

Takardun da banki ke jira

Takardar malam ko ta fada tana da daraja a tsakaninku, amma banki hukuncin kotu yake nema. Ana farawa da takardar mutuwa daga meri, wato ofishin magajin gari. Gyaran dokar da aka yi a 2011 ya ba da kwana 90 a kai sanarwar rasuwa. Ke kin ce wata biyu, don haka a cikin makon nan a je, da takardar asibiti idan a can ya cika, ko da shaidu idan a gida ne. Mu da muke binne mamaci a ranar da ya rasu, wannan takardar ce muka fi mantawa, idan wa'adi ya wuce kuma sai an bi ta hanya mai tsawo da ta kan kai ga kotu kafin a same ta.

Sai taron dangi. A zauna da ku matan ko wakilanku, da 'ya'ya baligai, da mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa, da shaidu. A rubuta sunan kowane magaji, da dukiyar da aka sani, da basussuka, da wanda aka zaɓa ya kula da dukiyar, da wanda zai riƙe rabon ƙananan yara. Kowa ya sa hannu, a kai a buga hatimin hukuma. Da wannan takardar, da takardar mutuwa, da takardun aure, da takardun haihuwar yara, ake shigar da buƙata a kotu don a ba da hukuncin tantance magada, wanda za ki ji ana kira jujman deredite. Bayan an yanke, ana jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, sannan magatakardan kotu ya ba da shaidar cewa babu wanda ya ƙalubalanta. Banki zai nemi wannan, da katin ɗan ƙasa na magada, sau da yawa da shaidar an bayyana dukiyar a ofishin haraji. Idan kuɗin suna da yawa ko akwai gidaje masu takardar mallaka, akan bi ta hannun noter, jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun dukiya. Kowane banki yana da jerinsa, ku nemi a ba ku shi a rubuce tun ranar farko. Abin yakan ɗauki watanni, ku shirya wa hakan.

Ki sa ido sosai a kan wanda za a rubuta a matsayin mai kula da dukiya, domin shi banki zai miƙa wa kuɗin. Shawarata a gida mai mata biyu ita ce a sa mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, kuma a rubuta cewa sai da sa hannunsu tare. Mai kula ba mai mallaka ba ne, amma na ga inda aka sa ɗan'uwa shi kaɗai saboda kara, kuɗi suka shiga kasuwancinsa da sunan juyawa, yara suka girma ba su ga ko dala ba. Rabon ƙananan nan uku a buɗe wa kowanne asusu da sunansa, kuɗin su tafi can kai tsaye daga asusun mahaifinsu.

Akwai abin da ban gani ba, kuma yana da tasiri: takardar aurenku. Idan a masallaci ko ƙofar gida kawai aka ɗaura ba a je meri ba, to a takarda hukuma ba ta san da auren ba, sai an tabbatar da shi ta hanyar shaidu da amincewar dangi a gaban alƙali. Idan akwai takardar meri, ki duba abin da aka rubuta game da dukiya, ta haɗaka ce ko kowa da tasa. Inda aka rubuta haɗaka, doka tana fara ware wa mace rabonta na dukiyar aure kafin a zo maganar gado, a gidan mace fiye da ɗaya kuwa wannan lissafi ne da sai lauya ya duba.

Kotun ma iri biyu ce. Ƙaramar kotun da ke zama da masu ba da shawara kan al'ada tana duba al'adar masu shari'a, kuma can mafi yawan iyalanmu ke zuwa. Idan wani daga cikin masu shari'ar ya ƙi amincewa da ita tun farko, magana tana komawa babbar kotu, inda ake aiki da kundin dokar farar hula. A can 'ya'ya maza da mata daidai suke raba, uwar mamaci ba ta gado idan akwai 'ya'ya, matar mamaci kuma cin moriyar kashi ɗaya cikin huɗu take samu, ba mallaka ba. Kin ga rigima tana iya fitar da gidan Musulmi daga rabon da suka yi imani da shi, ga kuɗin lauya, ga shekaru. Shi ya sa nake matsa wa mutane su daidaita a zaure, a rubuta, kotu ta tabbatar. Ki jawo abokiyar zamanki kusa a wannan lokacin. Buƙatarku ɗaya ce, kuma idan kuka zo da murya ɗaya babu wanda zai shiga tsakani.

Abin da za ku tambaya a banki

Ku tambaya ko marigayi yana da bashin banki. Idan akwai, za su cire kafin su saki sauran, amma rance da yawa yana tafe da inshorar rai wadda ke biyan ragowar idan mai bashi ya rasu, iyalai kuma ba sa sani balle su nema. Ku tambaya ko yana da wani asusu a wurinsu bayan wannan. Ku bincika ƙananan bankunan ajiya da lamuni da 'yan kasuwa ke hulɗa da su, da adashin da yake zubi, da kuɗin da ke cikin wayarsa a Orange Money ko MTN MoMo, domin duk hukuncinsu ɗaya da na banki. A ajiye layin wayar, kada a bar yara su ci gaba da amfani da shi. Idan yana harka ta Kusuri zuwa Njamena, yana iya yiwuwa yana da ajiya a Cadi. Kuɗinmu ɗaya ne, hukumar COBAC ce ke sa ido a kan bankunan ƙasashen biyu, amma bankin can zai nemi nasa takardun bisa dokar can.

Kada kuma a yi sakaci a ce kuɗi suna banki ba inda za su je. Asusun da aka bari shekaru ba motsi yana shiga sahun dukiyar da ba a nema ba, kuma Kamaru tana da hukumar ajiya ta CDEC, wadda dokar 2008 ta kafa ta kuma fara aiki a 2023, da aka ɗora wa karɓar irin waɗannan kuɗin. Haƙƙin magada ba ya ɓacewa nan take, amma hanya tana ƙara nisa, shaidu suna mutuwa, magada ma suna mutuwa su bar nasu magadan.

Game da takabarki, wata huɗu da kwana goma ne, kuma kina da haƙƙin zama a gidan da ya bar ki har ki gama. Malamai sun halatta wa mai takaba ta fita da rana don buƙata ta dole, ta dawo ta kwana a ɗakinta. In kin fi so, ki wakilta wani naki a rubuce ya yi zirga-zirgar meri da kotu. Abin da za a ci kafin kuɗi su fito, wanda ya ciyar da yaran daga aljihunsa da niyyar a biya shi ya rubuta a gaban shaidu, a daidaita ranar rabo.

Gobe ko jibi wakilinki ya kai wa banki wasiƙa mai sanar da rasuwar, ya haɗa da katin. A cikinta a nemi adadin da ke asusun a ranar rasuwa da lissafin shige da fice na shekarar da aka sayar da saniyar. Wataƙila su ce ba za su ba da lissafin ba sai hukuncin kotu ya fito, wannan ƙa'idar sirrin banki ce, ba ƙiyayya ba. Duk da haka ya tabbata an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin wasiƙar, ya kawo miki ki adana tare da littafin bankin.